Garin da ya riƙe 'yan wasansa kamar 'ya'yan cikinsa

Mu da muka saba taka leda a kan yashi, wasan hoki na ƙanƙara baƙo ne a wurinmu: 'yan wasa shida-shida suna sulɓi da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna kora faifan roba da sanda zuwa raga. Amma a Humboldt, wani gari mai mutum kusan 6,000 a Kanada, ƙungiyar matasa ta Broncos abin alfaharin kowa ce.

Da yawa daga cikin samarin baƙi ne daga wasu garuruwa. Iyalan Humboldt ke saukar da su, suna cin tukunya ɗaya da 'ya'yan gida.

Ranar 6 ga Afrilu 2018, tirela ta yi karo da bas ɗin ƙungiyar a hanyar zuwa wasa. Mutum 16 suka rasu, 13 suka jikkata. A faɗin Kanada aka riƙa jingine sandunan hoki a ƙofar gida don nuna alhini, aka kuma tara sama da dalar Kanada miliyan 15. A watan Satumba ƙungiyar ta koma wasa, magoya baya suka cika zauren maƙil.

Mu fa, ranar da ƙungiyar makarantarmu ke shan kashi, muna tsayawa har a tashi?