Gini a gangare: wane irin harsashi ya kamata ɗan kasuwa ya zuba?

Idan mai karatu bai manta ba, a ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2019 ƙasa ta zaftare cikin dare a unguwar Gouache da ke Bafusam, ta binne gidaje, mutane fiye da 40 suka rasa rayukansu. A watan Oktoba na 2023 kuma ruwan sama ya fasa madatsar wani tafki a Mbankolo cikin Yawunde, laka ta gangaro ta share gidajen da ke ƙasa, aka yi asarar rayuka kusan 30. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Abin da ya sa muka taso da wannan magana shi ne yadda 'yan kasuwarmu na Kuseri, Garwa-Bulai da Kye-Ossi ke sayen filaye a Yawunde, Bafusam, Bamenda da Ngaundare da zarar Allah ya buɗa masu. Filin da ke da sauƙin kuɗi a waɗannan garuruwa galibi a jikin tudu yake. Mu kuwa akasarinmu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muka taso, inda magini zai ja igiya, a haƙa rami iya gwiwa, a zuba kankare, a ɗora bulo. Ga shi ruwan da ke sauka a Yawunde a shekara ya kusa ninka na Marwa.

Babban abin da ke kayar da gida a gangare shi ne ciko. Sai a yanke tudu daga sama, a ture ƙasar zuwa ƙasa, fili ya yi sumul kamar faranti, maigida ya zo ya gani ya ji daɗi. To amma rabin gidan na zaune a kan ƙasar asali, ɗaya rabin a kan ƙasar da aka zuba jiya. Damina biyu ko uku cikon zai lotsa, bango ya tsage daga kusurwar taga. Ko wane irin harsashi aka zaɓa, tilas ƙafarsa ta ratsa cikon ta taka ƙasar da ba a taɓa motsawa ba. Shi ya sa kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya, a haƙa ramin gwaji a saman filin da ƙasansa a ga abin da ke ciki: marmara ce, dutse ne, ko laka mai tsattsafo da ruwa. Mai shirin bene ya nemi a auna masa ƙasar a Labogenie ko wani ɗakin gwaji da hukuma ta amince da shi.

Idan gangaren bai yi tsanani ba, harsashi mai matakala ya wadatar, kuma shi ya fi araha. Ana haƙa ramin hawa-hawa, kowane mataki a miƙe yake ɗoɗar, tsayinsa daidai da bulo ɗaya ko biyu, sannan kankaren mataki na sama ya hau kan na ƙasa, rodi ya ɗaure su. Duk maginin da ya ce zai bar gindin ramin ya bi karkatar ƙasa, a sallame shi tun ranar.

Inda tudun ya miƙe sosai kuwa, ginshiƙai sun fi. Kowane ginshiƙi da faffaɗar ƙafarsa ta kankare a can cikin ƙasa mai ƙarfi, a ɗaure kawunansu da gindinsu da katakon kankare mai rodi, gida ya zauna a bisa. Ba a taɓa tudun sosai ba, kuma ɗan kasuwa ya sami sito a ƙarƙashin gidan ta ɓangaren gangare. Sai dai wannan aikin injiniya ne, domin ginshiƙan ba tsayinsu ɗaya ba, kuma kaurin rodi da yawansa lissafi ne, ba a yin sa da ido.

Hanya ta uku, wadda aka fi gani kuma aka fi ɓatawa, ita ce a yanke tudu a tare shi da katanga. Mutane na ɗauka katangar gida ce, sai su jera bulo mai rami su yi fulasta. Alhali ƙasa tura ta take yi dare da rana, kuma idan tsayin katangar ya ninka, turin yana ninkawa har sau huɗu. Idan ruwa ya taru a bayanta sai nauyin ya ƙaru matuƙa. Don haka ana zuba tsakuwa a bayanta, a bar ƙofofin bututu a gindinta inda ruwa zai riƙa tsiyayewa. Sau da yawa za ka ga an toshe waɗannan ƙofofi wai suna ɓata fenti!

Ruwan rufin gidan kansa ma abin lura ne. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50, zai zubo da lita 5,000, wato duro 25 ke nan. Idan indararo ya sake shi a gindin bango, harsashin ake jiƙawa. A yi lambatu a saman gidan da zai karkatar da ruwan tudu, a haɗa shi da na rufi zuwa magudanar titi, ba cikin filin maƙwabcin da ke ƙasa ba. Salga da ramin ruwan wanka su kasance ta ƙasan gidan, nesa da bango.

Akwai kuma filin da babu harsashin da zai cece shi. Idan ka ga itatuwa da turakun lantarki sun karkata zuwa gangare, ko ƙasa ta dare a sama, ko ruwa na ɓulɓulowa daga jikin tudun, Alhaji ka riƙe sefarka komai arhar wurin. A je a duba fili cikin damina, kuma a tambayi ofishin magajin gari ko ana ba da takardar izinin gini a wajen.

Masu aika kuɗi daga kasuwa suna karɓar hotuna ta WhatsApp su sani hoto ba ya nuna zurfin rami. Ranar da za a zuba kankaren harsashi, a bar wa yaro shago a zo a tsaya, a sa awo a ramin, a ƙirga rodin kafin a rufe.