Marufin Ganɗa: Haƙoran Robar da Ake Ƙwaƙule Cikinsu

Ranar 1 ga Yulin 1893, a cikin wani jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Oneida, likitoci suka yi wa shugaban Amurka Grover Cleveland tiyata a asirce. Sun cire masa ƙari daga ganɗa, haɗe da haƙora biyar da wani sashe na muƙamuƙin sama na hagu. Aikin ya bar kafa tsakanin bakinsa da hancinsa, magana ta daina fita sosai. Wani likitan haƙori, Kasson Gibson, ya ƙera masa marufi na roba ya toshe kafar, murya ta dawo, shugaban ya koma ofis. Sai a 1917 ɗaya daga cikin likitocin, William Keen, ya bayyana cikakken labarin a fili.

Ganɗa ita ce rufin baki, ita ce kuma daɓen hanci. Idan ta huje, mutum ya kurɓi koko sai ya biyo ta hanci, loma ta maƙale a ramin, magana kuma ta koma ta hanci har a kasa fahimtarsa. Abubuwan da ke jawo wannan sun haɗa da tiyatar sankara, da haɗarin mota ko harbi, akwai kuma waɗanda aka haifa da tsagaggiyar ganɗa. A ƙasar Hausa akwai kuma cutar noma mai zaizaye bakin yaran da tamowa ta kama, wadda saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. Wani ramin likitan fiɗa na iya rufe shi da tsokar jikin majiyyaci. Wani kuwa an fi so a toshe shi da abin da ake cirewa, don a riƙa leƙa wurin ko ciwon ya dawo.

Marufin kamar haƙoran roba yake, sai dai a bayansa akwai dunƙule da ke shiga ramin ya cike shi. A nan gizo ke saƙar. Abin a sama yake, nauyinsa ƙasa yake ja. Haƙoran roba na yau da kullum suna manne wa ganɗa ne saboda iska ba ta shiga tsakaninsu, to ga ganɗar ta huje. Sauran haƙoran da suka tsira, waɗanda ake maƙala wa ƙugiyoyin waya, su ke ɗaukar kayan dare da rana. In dunƙulen ya yi nauyi, a hankali sai su fara girgiɗa, dasashi ya yi gyambo, marufin ya riƙa zamewa ana cikin hira.

Maganin shi ne a mai da dunƙulen kamar gora: bango siriri mai ƙwari, ciki fayau. Wani nazari da Wu da Schaaf suka wallafa a 1989 ya nuna ana iya rage har kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin, gwargwadon girman ramin.

Aikin ƙera marufin yana farawa da ɗaukar siffar bakin da wani kwaɓi mai daskarewa. A zuba filasta a ciki, a samu kwafin ganɗar, a gina marufin da kaki, a jera haƙora, a gwada a bakin mai shi. Daga nan a binne shi cikin filasta a akwatin ƙarfe, a narkar da kakin da tafasasshen ruwa, a cusa robar akirilik a gurbinsa. Dabarar tana wajen cusawar. Mai ƙerawa kan shimfiɗa robar a bangon ramin, kaurin milimita biyu ko makamancin haka, ya cika tsakiya da gishiri ko sukari, ya rufe da sauran robar. Bayan an dafa ta ta sandare, sai a huda 'yar kafa, a tsirta ruwa ya narkar da gishirin ya fito, sannan a liƙe kafar. Wasu kan ƙera ƙoƙo da murfi daban su haɗa. Yanzu har akan zana shi a kwamfuta, na'ura ta fitar da shi.

Liƙin nan shi ne wurin tsoro. In ya bar ko da kafar allura, yawu da majina za su taru a ciki su yi wari. Shi ya sa ake nitsa marufin a ruwa kafin a miƙa shi, a duba ko kumfa za ta taso. Wasu likitocin ma sukan bar saman dunƙulen a buɗe kamar kofi: ya fi sauƙin wankewa, amma yana tara ruwan hanci.

Majiyyaci ba marufi ɗaya yake samu ba. Na farko tun a ɗakin tiyata ake sa shi, don ya farka ya iya haɗiya. Na biyu yakan zo bayan mako ɗaya ko biyu, ana ta gyara shi yayin da miki ke tsukewa. Na dindindin sai bayan wata uku zuwa shida. Shi ma "dindindin" ɗin suna ne kawai, domin nama yana sauyawa, dole a riƙa komawa ana daidaita shi. A gida kuma, a cire shi bayan kowane cin abinci, a wanke da burushi mai laushi da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana lanƙwasa robar.