Faɗan Jarumai Biyu: Inda Alƙalami Ya Tsaya da Inda Ya Zame

A 2016 Hollywood ta saki finafinai biyu masu jigo ɗaya: jaruman da ke kare duniya sun juya suna dukan junansu. Batman v Superman na Zack Snyder ya fito a Maris, Captain America: Civil War na 'yan'uwan Russo ya biyo baya a Mayu a Amurka. Kowanne ya lashe kimanin dala miliyan 250. Ga samarinmu na Agege masu ɗaukar gajerun finafinai da waya suna ɗorawa a YouTube, waɗanda kullum kukansu rashin kuɗi da kyamara, finafinan nan biyu makaranta ce kyauta.

Civil War daga Legas ma ya ɗauko wutarsa, kodayake kasuwar da aka nuna a Atlanta aka haɗa ta, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa jiran mota a Pen Cinema zai gane. Jaruma Wanda Maximoff ta yi ƙoƙarin kawar da bam, ya tashi a jikin bene, mutane suka mutu. Daga nan ƙasashe 117 suka ce dole jarumai su koma ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Cikin jaruman, Tony Stark ya yarda saboda alhakin da ke damunsa, Steve Rogers, wato Captain America, ya ƙi saboda ya taɓa ganin hukumar da yake wa aiki ta ruɓe daga ciki. Kowa da hujjarsa, mai kallo ya rasa wanda zai bai wa laifi.

Batman ma an ba shi dalili mai ƙarfi da farko. Mun ga Bruce Wayne, wato Batman, yana gudu cikin ƙurar Metropolis, gininsa na rushewa kan ma'aikatansa. Amma da lokacin karon ya zo, sai marubutan, Chris Terrio da David S. Goyer, suka ajiye wannan suka sa mugun fim ɗin, Lex Luthor, ya sace mahaifiyar Superman don tilasta masa faɗa. Rigimar da magana ɗaya, "an sace uwata", za ta kashe, ita aka gina fim na sa'a biyu da rabi a kanta.

Sannan ga yadda aka rabu. Batman ya taka wuyan Superman, ya ɗaga mashin kiriftonait, makamin da ke iya kashe shi, sai na ƙasa ya ce a ceci Martha. Ashe sunan iyayensu mata ɗaya! Lois Lane, budurwar Superman, ta shigo da gudu ta yi bayani, mashi ya faɗi, gaba ta koma abota nan take. Wane ɗa ne, rai a hannun Allah, zai kira mahaifiyarsa da sunanta gatsau? An sa shi ya faɗa ne don marubuci yana neman mafita.

Abin mamaki, Civil War ma a kan uwa ya ƙare. Tun farkon fim an nuna wata mota ta yi hatsari a wani dare na 1991, aka bar zancen. Can ƙarshe Stark ya ga bidiyon: iyayensa ne a motar, Bucky, aminin Rogers, ne ya kashe su, kuma Rogers ya san an kashe su ya ɓoye masa. Stark ba ya buƙatar wani ya tunzura shi. Dabarar Zemo, mugun fim ɗin, ita ma ta jingina da sa'a fiye da kima, amma abin da aka shuka da wuri shi aka girbe.

Ciwon "Martha" ba baƙo ba ne a finafinanmu na Hausa: tsohuwa ta bayyana ana daf da ɗaurin aure ta ce ango da amarya nono ɗaya suka sha, alhali ba a taɓa ko ambatonta ba. Don haka, marubucin Agege, kafin ka ari kyamara, karanta wa abokanka labarin. In wani ya tambaya, "To me ya hana shi faɗa masa kawai?" ka rasa amsa, koma ka gyara takardarka.