Daidaita Lokacin Na'urorin Kariya a Layukan Rarraba Wutar Lantarki

Abin da za mu tattauna a wannan takarda shi ne na'urar kariya, wadda ma'aikata ke kira rile, da yadda ake daidaita ta a layukan kilobolt 33 da 11. Ita dai ba ta yanke wuta da kanta. Aikinta shi ne ta auna wutar da ke gudana, in ta wuce kima ta umarci makatsi ya buɗe. Da yake ba za ta iya ɗaukar wutar layi kai tsaye ba, sai a bi da ita ta taransifomar awo. Alal misali, mai 400/5 tana mayar da ampiya 400 su zama 5.

To, ƙa'idar ita ce na'urar da ta fi kusa da inda ɓarna ta auku ita za ta fara aiki, ta bayanta kuwa ta dakata. Mu ɗauka an saita ta reshe a kan ampiya 400, sai wayoyi suka haɗu, ampiya 4,000 suka kwarara, watau ninki goma ke nan. Bisa lissafin da ma'aunin IEC 60255 ya tanada, wanda aka fi amfani da shi, ninki goma yana ba da wajen daƙiƙa 3 idan maƙallin lokaci yana kan 1. In aka sa shi a 0.1, sai ya zama daƙiƙa 0.3. Ta babbar tasha kuwa lalle ne a ƙara mata tazara, don makatsin reshe ya samu ya gama buɗewa. Tsofaffin na'urori masu faifai mai juyawa sukan buƙaci kamar daƙiƙa 0.4, na zamani masu kwamfuta kuwa ƙasa da haka. In aka tsuke tazarar nan, ɓarnar unguwa guda sai ta jefa gari duka cikin duhu.

Abin da ya fi damunmu shi ne wayar da ta tsinke ta faɗi ƙasa. Da rani a ƙasar Hausa, busasshen rairayi ba ya jan wuta sosai, saboda haka abin da zai zurara ba zai kai ampiya 400 ba, balle 4,000. Na'ura ba za ta motsa ba, waya kuma tana nan da wutarta a kan hanyar mutane da dabbobi. Don haka ake kafa wata na'urar dabam mai lura da zurarar wuta zuwa ƙasa, a saita ta ƙasa ƙwarai. A ganinmu, ɗaga ma'aunin na'ura don kawai ta daina yanke layin da kaya ya yi wa yawa ganganci ne.

Wajen kafawa kuma, kada a kuskura a bar wayoyin fita na taransifomar awo a buɗe alhali layi yana ɗauke da wuta, domin ƙarfin da zai taso a bakinsu yana iya halaka mutum. Sai an fara haɗe su kafin a zare na'ura.