Likitan Yara a Fagen Binciken Bakwaini

Bakwaini shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4 a 2020, kuma matsalolin haihuwar bakwaini ne kan gaba wajen ajalin yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Shi ya sa ake horar da likitocin yara su zama masu bincike. A Amurka, likita kan yi shekara uku yana ƙwarewa a lafiyar yara, sannan ya ƙara uku a sashen jarirai, inda wajibi ne ya gudanar da bincike. Yana koyon tsara gwaji, da ƙididdiga, da neman amincewar iyaye.

Amfanin wannan horo a bayyane yake. Likitan da ya kwana a gaban kwalba yana kallon ƙirjin jariri na lotsawa da kowane numfashi, shi ya fi sanin tambayar da ta dace. Mary Ellen Avery, likitar yara, ta gano a 1959 cewa huhun bakwaini ba shi da wani sinadari mai hana shi mannewa. Yau ana ɗura wannan sinadari ta maƙogwaro. A Bogota kuwa, ƙarancin kwalabe ya sa likita Edgar Rey ya fara ɗora jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, a 1978. Wani gwaji da aka wallafa a 2021, wanda ya haɗa da Najeriya da Ghana, ya nuna fara hakan nan take yana rage mace-mace da kashi 25 cikin ɗari.