Ranar Da Aka Garƙame Zaurukan Reddit

Ɗan kasuwa ya san ƙarfin rufe rumfa. Haka masu kula da zaurukan hira na Reddit, shafin intanet na Amurka, suka yi ranar 12 ga Yuni, 2023. Sun garƙame zauruka sama da 7,000, saboda kamfanin ya lafta kuɗi kan manhajojin da suke aiki da su. Alhali ko sisi ba a biyan su.

Kuskurensu, a ganina, sun faɗa tun farko kwana biyu za su yi. Sai shugaban kamfanin, Steve Huffman, ya ce abin zai wuce. Da aka yi barazanar tsige su, wasu suka buɗe, amma ba abin da suke sakawa sai hotunan ɗan barkwanci John Oliver. Kuɗin dai bai sauka ba, manhajar Apollo ta rufe ranar 30 ga Yuni.