Ina Kabarin Kaka? Tambayar da Ke Jiran Jikoki a Gedambaliya

Ƙasar Gedambaliya, yamma da birnin Gadarif, baƙar laka ce. Da rani ta tsattsage har ka zura hannu, da damina ta kumbura ta haɗe. Tana ba da dawa da riɗi, amma ba ta riƙe tudun kabari. Bayan 'yan shekaru sai tudun ya lafe, dutsen da aka kafa ya karkace, ciyawa ta rufe. Shi ya sa ranar Sallah, in an je ziyara maƙabarta, za ka ji yaro ya ce, "Baba, wanne ne na Kaka?" uban ya nuna da hannu ya ce, "Nan wajen ne dai."

Su wane ne kwance a wajen? Da yawansu ba da niyyar zama suka fito ba. Makka suka nufa, a ƙafa ko a kan jaki, daga Kano, Katsina, Sakkwato ko Damagaram, suka biyo ta Borno da Wadai, suka ratsa Darfur da Kordofan, da fatan isa Sawakin su haye Bahar Maliya. Guzuri kan ƙare a hanya, sai a tsaya a yi noma ko fatauci a tara kuɗin gaba. Wasu kuma hijira ta kawo su: bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu, kusa da Sinnar.

Aiki ne ya riƙe sauran. A 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira. A tsakiyar shekarun 1940 kuma, a nan Gedambaliya aka fara noman dawa da tarakta a Sudan. Inji na yin huɗa, amma cire ciyawa da yankan dawa da riɗi sai da hannu, kuma cikin masu wannan hannu akwai kakanninmu, waɗanda ake kira Takari ko Fallata. Shekara ta bi shekara, aka yi aure, aka haihu, aka buɗe rumfa a kasuwa. Wasu sun sauke farali sun dawo nan, wasu ajali ya riske su ba su ga Ka'aba ba.

Wani zai ce, to mene ne na damuwa? Mamaci addu'a yake buƙata, kuma tana isa gare shi daga ko'ina. Gaskiya ne. Amma masu rai ma suna da buƙata. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa zuriyarsa ta wajen uba tana Sudan tun ƙarshen 1897, kuma gidaje da yawa sun sha wahalar samun jinsiyya saboda ba su da shaidar lokacin da kakansu ya zo. Rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022 ya sake tayar da maganar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuwa ya tarwatsa dangi: wasu Masar, wasu Saudiyya, wasu sun koma Najeriyar da ba su taɓa gani ba. Tsohuwar da ta san inda aka binne kowa tana iya rasuwa a wata ƙasa, labarin ya tafi da ita.

Ba mu kaɗai ke da wannan tarihi ba. Fatake 'yan China da suka zauna a Filifin suna da tsohuwar maƙabartarsu a Manila, inda suke rubuta sunan kaka, sau da yawa har da garin da ya fito. Mu addininmu ya hana gina kabari da ƙawata shi, kuma ba ma neman haka. Abin koyi a wurinsu shi ne riƙe suna da asali. Abin da suke ɗora wa dutse, mu sai mu ɗora wa takarda da ƙwaƙwalwar yara.

Don haka, kafin ka sake ɗaure kaya, zauna da Habboba ko wani dattijon gida. Kunna rikodar wayarka, ka tambaya da Hausa: sunan kaka da na mahaifinsa, garinsu da unguwarsu, sana'arsa, zangon da ya yi a hanya, abin da ya faru a shekarar zuwansa, maƙabartar da yake da wanda ke kwance kusa da shi. Ka rubuta da boko da Larabci, ka ɗauki hoton tsoffin takardun gona da na aure, ka tura wa 'yan uwa a WhatsApp, kada kwafi ɗaya ya ƙone da gida ɗaya. In da hali, a haɗa kuɗi a yi masa sadaka mai gudana, ko da tankin ruwa ne a masallacin unguwa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa Aljanna ce makomarsu, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya.